Sunan Ɗantani da Ƙananan Baƙaƙe

A takardar ƙosai na fara sanin iyakar abin da Alhaji Mainasara ya yi wa yayana.

Da safe ne, na tsaya wajen Laraba mai ƙosai a ƙofar ofishinmu na aikin noman fadama a Bodinga. Ta naɗe mini ta miƙo. Mai ya riga ya ratsa takardar, amma rubutun bai ɓace ba, kuma ko daga barci aka tashe ni na san hannun nan: bakwai mai sanda a ƙugu, da ɗ mai ƙugiya kamar lauje. Hannun Yaya Ɗantani ne. A sama an rubuta Danchadi, a ƙasa nauyin albasar da ta ruɓe a rumbu.

Na ce, "Laraba, ina kinka samo wagga takarda?"

Ta ce, "Alhaji yab ba ni, kwali guda cike. Yac ce shara ta, in rage mishi."

Ban ci ƙosan nan ba. Na tsaya riƙe da shi har ya huce.

Yaya Ɗantani malamin gona ne. Shekaru ya yi a kan babur tsakanin Danchadi da Dingyadi da Kajiji yana neman amsar tambaya guda: wane irin rumbu ne ya fi riƙe albasa? Duk manomin fadama ya san ciwon nan. In aka cire albasa kasuwa ta cika ta yi arha kamar ƙasa, in ka ce ka ajiye sai ta yi daraja, kafin damina ta yi nisa rabi ya narke ya yi wari. Yaya ya gina rumbuna iri-iri a gonakin mutane, na kara da na laka da mai daɓe a sama, yana zuwa yana aunawa yana rubutawa. Biyu daga ciki suka yi kankankan, wannan ya ci a wannan gari, wancan ya ci a wancan, ba mai iya cewa ga gwani sai an haɗa lissafin garuruwan gaba ɗaya.

Shi kuwa Alhaji Mainasara jam'iyya ce ta ɗora shi a kan ofishin lokacin siyasa. Albasa a miya kawai ya san ta. Da soja suka karɓi mulki aka shiga tsuke bakin aljihu, ana layin sabulu ana layin madara, sai aka ce kowane ofis ya rage ma'aikata. Alhaji ya fara sa ni na zuba takardun Yaya kaf a cikin kwamfuta, tunda ni ce mai difloma ta ƙididdiga a ofishin. Ina gamawa ya sa sunan Yaya a farkon waɗanda za a sallama. Sannan ya ce in rubuta a kan rahoton cewa binciken Alhaji Mainasara ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na dai yi masa magana a lokacin. Na ce, "Ranka shi daɗe, ko a ƙasa a sa sunan Malam Ɗantani."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Khadijatu, to buga mu gani. Ina ɗ ɗin? Sunan da ko na'ura ba ta karɓa, shi za ni kai gaban manya? Wagga na'ura ta manya ta. Ko ƙaramin baƙi kinka ba ta, sai ta maishe shi babba. Ba ta san ƙanana ba."

Na haɗiye, don ina da 'ya'ya. Na ce wa kaina ai takardun suna nan da hannun mai su, wata rana gaskiya za ta yi halinta. To ga takardun yau a hannun mai ƙosai. Aikin Yaya bai rage ko'ina a duniya ba sai a cikin baƙin faifan kwamfuta guda, kuma sunan wani ne a kansa.

Kwamfutar nan a shekarar ƙarshe ta siyasa aka kawo ta. Wani Ba'indiye ya haɗa ta, ya koya mana ni da Alhaji, ya tafi bai sake dawowa ba. Na'urar bugawa a takarda ta daɗe da mutuwa, babu ribon ɗinta mai tawada ko a Kano. Faya-fayan da aka zo da su zafi ya lalata su, saura ɗaya mai lafiya, shi ma a durowar Alhaji yake kwana, sai an ta da janareta yake miƙo mini. Kowane aiki a cikin faifan yana da fayil ɗinsa da sunansa, kuma da an kunna kwamfutar sai ta jero sunayen a fuskarta kamar malamin makaranta yana kiran suna. Alhaji ne da kansa ya ce in saita ta haka, don ba ya iya riƙe su a ka. Abin da kawai ya riƙe daga Ba'indiyen shi ne gargaɗi guda: kada a taɓa buga umarnin gogewa a bi shi da tauraro, ɗigo, tauraro, don wannan yana nufin a share komai da komai.

Daga ranar ƙosan nan na tasa kwamfutar a gaba. Tunda an ce ita ce ta ƙi sunan yayana, sai na ji daga bakinta. Na shiga gwada mata sunaye, baƙi bayan baƙi, alama bayan alama.

Na fara da tsawo. Baƙi takwas take ɗauka, ko ɗaya ba ta ƙarawa. Na buga Mainasara, ta datse masa wutsiya, ta bar MAINASAR. Wallahi sai da na toshe baki da mayafi. Ashe mai cewa an ƙi sunan wani, nasa ma bai shiga da ƙafafunsa duka ba.

Na sa sarari a tsakiyar suna, ta ɗauki rabin farko ta watsar da sauran. Na sa waƙafi, ta ƙi. Na sa alamar tambaya, ta ƙi. Ɗigo biyu, ta zaci wani faifai nake nema. Tauraro ma ba ta yarda ya zauna cikin suna, aikinsa daban ne. Lambobi tana karɓa, gajeren layi tana karɓa. Alhaji ya kan leƙo ya gan ni duƙe ina ƙwanƙwasa, ya ce madalla, haka ake son ma'aikaci. Ni kuma in ce, "Allah shi ƙara girma."

Sai na tuna yadda tsofaffin akawu suke yi da tafireta marar ƙugiya: su sa waƙafin sama kafin baƙin, 'd ya zama ɗ, 'b ya zama ɓ. Na buga 'DANTANI. Ta karɓa. Na ƙirga da yatsa, da waƙafin da komai baƙi takwas ne cif, kamar don shi aka yanka wurin. Na daɗe ina kallonsa. Ba na'ura ce ta ƙi yayana ba, mutum ne.

Amma wannan bai ishe ni ba, domin sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe Alhaji yana iya goge shi da yatsa ɗaya. Saura maganarsa ta biyu, wai ba ta san ƙanana ba. A nan ya yi gaskiya rabi. Duk abin da ka buga mata a bakin ƙofa, wato inda ake ba ta umarni, sai ta mai da shi manyan baƙaƙe kafin ta saurare ka. Sai dai akwai wani shiri a cikinta da nake rubuta lissafi da shi, kuma in kana cikin shirin nan ka ajiye fayil, ba ta bakin ƙofa sunan yake bi ba. Na ce bari in gani. Na shiga, na ajiye wani fayil na banza na sa masa suna gwaji, da ƙananan baƙaƙe. Na fito na kira suna.

Ga shi nan a tsakiyar manya, ɗan ƙarami, gwaji.

Na ce ta goge shi. Ta ce da Turanci babu wannan fayil. Na sake bugawa a hankali da ƙananan baƙaƙe. Ta sake cewa babu. Sai na gane: ni ina buga gwaji, ita tana jin GWAJI, ta je ta duba ba ta sami mai wannan suna ba. Tana nuna shi da idonta, amma ba ta iya kiransa. Sai na koma ta cikin shirin lissafi sannan ya gogu. Na jingina da kujera na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya. Allah ya ba ni sanda.

Ban yi gaggawa ba. An riga an sanar cewa kwamitin tantance ma'aikata zai zo daga Sakkwato ya duba shugabannin ofisoshi, wanda ba shi da aikin nunawa ya tafi gida. Alhaji ba shi da abin nunawa sai binciken rumbuna, kuma tunda ba a iya bugawa a takarda, dole a fuskar kwamfuta za a gani. Kwanakin da suka rage ban yi komai ba sai maimaita gwajina, in ajiye, in gwada gogewa ta kowace hanya da Alhaji zai iya bi, ban da ta tauraron nan, in tabbata ba ta yi. Ya tambaye ni ko na haɗa lissafin garuruwan, na ce ana kai. A ranar jajibiri kafin a kashe janareta na ajiye fayil biyar, na zare faifan na miƙa masa da hannu biyu.

Ranar kwamiti Alhaji ya zo da babbar riga mai aska takwas, turare kamar za a ɗaura masa aure. An share ofis, an jera kujeru. Baƙin sun aiko cewa sai sun gama da wani ofis za su iso da hantsi. Ya ce a ta da janareta ya yi bita. Ya zauna da kansa, ya sa faifai, ya kunna. Sunaye suka jeru, DINGYADI, KAJIJI, DANCHADI, da sauransu. A ƙarƙashinsu kuma, da ƙananan baƙaƙe:

aikin 'dantani ne mainasar 'barawo

Ya karanta leɓensa yana motsi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya juyo.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Sunayen fayil na, ranka shi daɗe. Ashe tana karɓar sunan nashi. Naka ne dai bai shiga duka ba."

Ya juya ya buga umarnin gogewa da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsince tsaba. Ta ce babu. Ya sake. Ta ce babu. Ya danna maɓallin manya, ya saki, ya buga da waƙafi, ya buga ba waƙafi. Ya kashe ta ya kunna, sunayen suka sake jeruwa, ƙananan suna nan inda suke. Gumi ya fara tsatstsafowa ta ƙarƙashin hularsa. Ni ina tsaye a bayansa hannuna a harɗe, kuma ba zan ɓoye ba, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin daɗi irin na lokacin nan ba.

Ya ce, "Ga shi ina gani, ta ce babu?"

Na ce, "Ai kai kac ce ba ta san ƙanana ba."

Ya tashi tsaye. Ya ce zai kore ni yau ɗin nan. Na ce ya kora, sunan dai yana nan. Ya ce zai haɗa ni da soja. Na ce to, su ma sun iya karatu. Sai ya sauke murya, ya kira ni ɗiyata, ya ce shi da mahaifinmu tare suka yi makarantar allo a Shagari, in dubi zumunci. Na ce zumuncin yana wajen Laraba an naɗe ƙosai da shi.

Na ce, "Abu guda nika so. A cire sunanka daga kan rahoton a sa na Malam Ɗantani. In baƙi sun zo ka hwaɗa musu da bakinka aikin wa ne. Ka yarda yanzu, kahin ka gyara hula na goge su."

Na yi zaton zai yarda. Na lissafa cewa mutum irinsa zai gwammace ya ce shi ya sa ido aka yi aikin, ya tsira da kujerarsa ko da rabin mutunci. Ban san girman kai ya kai masa inda ya kai ba.

Muka ji ƙarar mota a ƙofar ofis. Ya dubi taga, ya dubi fuskar kwamfutar, ya koma ya zauna. Na ga yatsansa ya nemi tauraro. Ya buga ɗigo. Ya sake neman tauraro.

Na ce, "Alhaji, aikin duka yana ciki."

Ya ce ba tare da ya juyo ba, "Kina da wani a ɓoye. Wadda tay yi wanga makirci ba ta rasa ajiye na biyu. In sun zo mu ce na'ura ta tsaya, gobe ki maido shi."

"Faifai guda gare mu, kuma durowarka yaka kwana. Wallahi babu wani."

Kwamfutar ma ta tambaye shi ko duka yake nufi. Na yunƙura zan kama hannunsa, ya ture ni da kafaɗa ya danna. Faifan ya yi 'yar ƙara ya yi shiru. Ya kira suna. Ta ce babu fayil. Sai a lokacin ya dube ni sosai, ya ga fuskata, ya gane ba ƙarya na yi ba.

Baƙin suka shigo su uku. Aka gaisa, aka zauna. Ɗaya daga cikinsu ya iya kwamfuta, ya karɓi kujerar ya duba, ya ce na'ura lafiyarta lau, faifan ne babu komai a ciki. Suka nemi takardun asali. Alhaji ya yi ta juya zoben hannunsa. Ni na amsa musu. Na ce su leƙa ƙofa wajen mai ƙosai, watakila ta rage. Kafin wata ya mutu an sallame shi, an rufe sashen binciken, ni ma takardar sallamata ta biyo baya. Na gan shi ranar da ya kwashe kayansa, shi kaɗai yake ɗaukar kwali zuwa mota, ba wanda ya taya shi. Na tsaya a inda zai gan ni har ya tafi.

Ranar kasuwar Shagari na je na sami Yaya. Tun da aka sallame shi ya koma sayen albasa yana ajiyewa yana sayarwa, kamar kowa. Na same shi zaune a kan buhu, ya zube tsibi a gabansa yana tsince ruɓaɓɓu. Damina ta riga ta sauka, wari ya cika rumfar. Na gaishe shi na zauna, na zayyana masa komai tun daga takardar ƙosai. Da na zo wajen MAINASAR ya yi dariya har da tari. Da na gaya masa sunansa baƙi takwas ne cif, ya sa na rubuta masa a ƙasa da tsinke, ya ƙirga da kansa.

Ya ce, "Da ƙaramin baƙi kinka soma sunana? Haka nik koya miki?"

Na ce, "Yaya, shi ne kaɗai wanda ba su iya taɓawa."

Ya gyaɗa kai yana murmushi. Na ci gaba, na gaya masa gumin Alhaji, da kiran da ya yi mini ɗiyata, da tauraron nan biyu. Murmushin ya tafi a hankali. Ya tambaya ko har da na shekarar da ruwa ya ci fadamar Danchadi. Na ce har da shi. Ya ɗauki wata albasa yana juya ta a hannu.

Can ya ce, "To ba komi. Tunda dai kin haɗa lissahin kahin a goge. Mutanen Danchadi duk sadda sunka gan ni sai sun tambaya, sun ce bana ba su gini sai sun ji daga bakina. Wanne yac ci, Hadiza? Na kara, ko mai daɓe?"

Makonni na yi da faifan nan a hannuna. Na san alamar da take karɓa da wadda take ƙi, na san inda take datse suna, na san ƙofar da ƙaramin baƙi yake bi ya shiga. Lissafin kuwa aikin yini guda ne.

Na ce, "Ban kai ga haɗawa ba."

Ya dube ni. Ya matsa albasar da ke hannunsa da babban yatsa, ruwa ya fito, ya jefa ta kan tsibin da ke gefe, ya ɗauki wata.